Bayan takardar sallama: yadda waɗanda suka rasa aiki ke neman mafita ta LinkedIn

Wata biyu cur ya yi yana fita daga gida ƙarfe bakwai da rabi na safe, da jakar kwamfuta a kafaɗa, kamar yadda ya saba yi shekara shida. Maƙwabtansa a Maraɗi na yi masa a dawo lafiya, yana amsawa. Ban da matarsa, babu wanda ya san cewa ofishin da yake cewa zai tafi ya riga ya karɓe makullan mangaza daga hannunsa, kuma shagon wani abokinsa mai gyaran waya ne yake zuwa ya zauna har la'asar.

Matashin, wanda ya nemi a sakaya sunansa, jami'i ne mai kula da sayen kaya da jigilarsu a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin yaƙi da tamowa. A farkon shekarar 2025 aka tara su a ɗakin taro aka shaida musu cewa kuɗin aikin ya tsaya. Ba laifi ya yi ba, amma ya ce kunyar da ya ji ta fi ta wanda aka kama da laifi.

Irinsa na da yawa a Nijar, kuma abin bai faro daga 2025 ba. A ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin Cominak ya rufe mahaƙar yuraniyom ɗinsa ta Akouta da ke Arlit. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, an rufe iyakoki, ƙasashe da dama sun dakatar da tallafinsu. Sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023, na Amurka suka bi baya a 2024, kuma kowane sansani da ya tashi ya bar direbobi, masu dafa abinci, masu gadi da tafintoci a tsaye. Sai kuma ranar 20 ga Janairu 2025, lokacin da shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris sakataren harkokin wajen ƙasar, Marco Rubio, ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na ayyukan hukumar USAID. A watan Fabrairun 2025 dai hukumomin Yamai suka umarci kwamitin agaji na CICR da ya rufe ofisoshinsa.

Wanda ya rasa aiki a nan ba shi da albashin zaman jira. Asusun CNSS na kula da fansho, da haɗarin aiki, da kuɗin iyali, amma babu inshorar rashin aiki. Yawancin ma'aikatan ƙungiyoyi kuma kwantaragi mai wa'adi gare su, wanda ke mutuwa tare da aikin da aka ɗauke su dominsa. Abin da ya rage shi ne kuɗin sallama ga wanda ya cancanta, da takardar shaidar aiki, da wayar hannu.

Daga fada zuwa allon waya

Hanyar da kowa ya sani ita ce a yi rajista a hukumar samar da aiki ta ANPE, a bibiyi sanarwar jaridu, a zuba CV a ambulan a kai wa mai gadi a bakin ƙofa. Sai kuma hanyar da kowa ya fi yarda da ita, wadda ƴan Nijar suka yi wa laƙabi da PAC, wato dangi, abokai da idon sani. A fada, idan aka ce wane ya samu aiki, tambayar farko ita ce wa ya sani.

Matsalar wannan karon ita ce dangi da abokai su ma abin ya shafe su. Jami'in na Maraɗi ya ce da ya buɗe wayarsa yana neman wanda zai kira, ya tarar cewa kusan duk waɗanda yake da lambarsu a cikin sana'ar, rana ɗaya aka sallame su da shi. Labarin gurbin aikin da ɗaya ya ji, shi sauran suka ji, kuma dukkansu ne za su nema.

A nan ne LinkedIn ya shigo. An buɗe dandalin a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2, kuma tun 2023 masu rajista a cikinsa suka haura biliyan ɗaya. Bambancinsa da Facebook ko TikTok shi ne a nan mutum na gabatar da kansa da sana'arsa: inda ya yi karatu, inda ya yi aiki, abin da ya iya. Buɗe shafi kyauta ne. Masu ɗaukar ma'aikata kuma na da na'urar bincike da suke rubuta sunan sana'a da gari, sai jerin mutane ya fito musu.

Matasa da yawa a Yamai da Damagaram na da shafin tun suna jami'a, amma a kwance yake, babu hoto, babu bayani, sai suna da difloma. Jami'in na Maraɗi shi ma haka nasa yake. Wata tsohuwar shugabarsa da aka mayar N'Djamena shekaru uku da suka wuce ce ta aiko masa da saƙo tana tambayar ko yana nan lafiya, don ta ji labarin rufe ayyuka. Da ya gaya mata gaskiya, abin da ta fara ce masa shi ne ya gyara shafinsa kafin ta nuna wa kowa.

Na nesa ya fi kawo sabon labari

Abin da ya faru da shi masana sun daɗe da lura da shi. A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa nazarin da ya yi kan mutanen da suka sauya aiki a wani gari kusa da Boston. Ya gano cewa a cikin waɗanda suka samu aiki ta hannun wani, mafi yawa ba ta hannun aminan da suke gani kullum ba ne, ta hannun waɗanda suke haɗuwa da su jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: amininka yana zaune inda kake zaune, yana jin abin da kake ji. Wanda kuka yi kwas na mako ɗaya tare a Tawa shekara huɗu da suka wuce, shi ne ke zaune a wata fadar da kunnenka bai kai ba.

A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi kan masu amfani da LinkedIn fiye da miliyan 20 cikin shekara biyar, wanda ya ƙarfafa wannan magana. Sai dai ya zo da ƙarin bayani da ya kamata mai neman aiki a Nijar ya riƙe. Ba baƙon da ba ku haɗa komai ba ne ya fi amfani, mai matsakaicin kusanci ne, wanda kuke da ƴan mutanen da kuka sani tare. Kuma amfanin ya fi fitowa a sana'o'in da suka dogara da kwamfuta da intanet. A sauran sana'o'i, na kusa ne suka fi tasiri.

Ke nan tara mutum dubu uku da ba a sani ba, ta hanyar danna maɓallin gayyata dare da rana, ba shi ne aikin ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a intanet ma sai an taka. Tsohon abokin aiki da ya koma Wagadugu, malamin da ya duba kundin kammala karatu a jami'ar Abdou Moumouni ko ta André Salifou, ɗan kasuwar da aka riƙa sayen kaya a wurinsa, jami'in wata ƙungiya da ake haɗuwa da shi a taron wata-wata: waɗannan sun san aikin mutum, kuma suna iya faɗin kalma ɗaya a kansa.

Abin da mai ɗaukar aiki ke dubawa

Wata jami'ar kula da ma'aikata a wani kamfani mai zaman kansa a Yamai ta bayyana cewa idan ta fitar da sanarwar gurbi ɗaya, takardun da ke shigowa sun fi ƙarfin ta karanta su ɗaya bayan ɗaya. Abin da take yi shi ne ta ware kaɗan, sannan ta nemi sunayen a LinkedIn don ta ga ko abin da ke CV ya yi daidai da abin da ke shafin, da kuma ko akwai wanda ta sani da ya taɓa aiki da mai neman.

Kuskuren da ta fi gani, a cewarta, yana layin farko, wanda ke ƙarƙashin suna. Mutane na rubuta cewa suna neman aiki, ko suna neman sabuwar dama, su tsaya nan. To ai babu mai ɗaukar ma'aikata da ke rubuta “mai neman aiki” a wurin bincike. Sunan sana'a yake rubutawa: akanta, jami'in sayen kaya, injiniyan ruwa, ungozoma. Wanda bai sa sunan sana'arsa da garinsa ba, binciken zai tsallake shi ko da ya fi kowa ƙwarewa. Kuma da yake Faransanci ne harshen yawancin sanarwar aiki, da shi ya kamata a rubuta kalmomin kamar yadda suke fitowa a sanarwar. Dandalin na ba da damar a yi shafi na biyu da Ingilishi, abin da ke da amfani ga mai hangen Najeriya, Ghana ko ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa.

Na biyu shi ne kwafo jerin ayyukan da ke cikin kwantaragi a liƙa. Kowane mai kula da mangaza yana karɓar kaya yana fitar da kaya. Abin da ke bambanta wani da wani shi ne mangaza nawa ya riƙe, motoci nawa ya tsara wa tafiya, a waɗanne garuruwa, da wace manhaja, kuma ko masu binciken kuɗi sun zo sun tafi ba su samu giɓi ba. Jami'in na Maraɗi ya kwana biyu yana tono tsoffin rahotanninsa kafin ya iya rubuta layi biyar na irin wannan. Ya ce a ranar ce ya fara jin cewa shekara shidan ba a banza suka tafi ba.

Akwai kuma abin da mutanenmu ke mantawa da sawa don suna ganin ba komai ba ne: harsuna. Wanda ke jin Hausa da Zabarmanci, ko Barbarci, Fulatanci ko Tamashek, kuma ya san hanyoyin karkara daga Madarumfa zuwa Dakwaro, yana da abin da babu difloma da ke bayarwa.

Koren zobe da kunya

Tun 2020 LinkedIn ya fito da wani koren zobe da ake sawa a jikin hoto, mai rubutun Open to Work, wanda ke nuna cewa mutum na neman aiki. A wasu ƙasashe abu ne da aka saba. A nan kuwa, inda mutum ke ɓoye wa surukansa cewa an sallame shi, sa wannan zobe kamar yin shela ne a kasuwa.

Wata akanta a Damagaram, wadda aikinta ya ƙare a lokaci guda da na sauran, ta ƙi sa shi. Dalilinta ba kunya kaɗai ba ce. Ta ce tun kafin ta rasa aiki akwai maza da ke aiko mata da saƙon da ba na aiki ba, kuma tana tsoron idan suka ga tana cikin buƙata abin zai ƙaru. Ta zaɓi ɗaya tsarin, wanda ke nuna alamar ga masu ɗaukar ma'aikata kawai, ba ga kowa ba. Daga nan ta rubuta wa mutum goma sha biyu da ta taɓa aiki da su, kowa da saƙonsa daban.

Yadda ake rubuta saƙon nan ma sana'a ce. Akwai masu aika “salam” kaɗai su zauna jiran amsa, akwai masu jefa CV ba gaisuwa, akwai kuma masu rubuta dogon labarin kuɗin haya da na makarantar yara ga mutumin da bai taɓa ganinsu ba. Duka ukun ba su cika samun amsa ba. Saƙon da ke aiki gajere ne, kuma yana neman abin da mutum zai iya bayarwa ba tare da ya takura ba. Ga tsohon shugaba a wurin aiki, misali, ana iya cewa: Malam, barka da aiki, da fatan iyali na lafiya. Mun yi aiki tare a Maraɗi a shekara kaza, ni ne mai kula da mangaza. Aikinmu ya rufe a watan jiya. Idan kun ji gurbi a fannin sayen kaya ku tuna da ni, kuma idan ba damuwa ina roƙon ku rubuta min layi biyu na shaida a shafina. Wanda aka roƙa ya ba da aiki yana iya yin shiru don ba shi da shi. Wanda aka roƙa shaida ko labari, da wuya ya ƙi.

A wannan gaɓar ƴan ƙasa mazauna waje na da rawar da ba su cika lura da ita ba. Ɗan Nijar da ke aiki a Abidjan, Dakar, Montreal ko Greensboro yana aiko da kuɗi gida duk wata, amma bai taɓa tunanin ya rubuta wa tsohon abokin ajinsa shaida ba, ko ya tura masa sanarwar da ya gani, ko ya duba masa Ingilishin CV. Minti goma ne, kuma wani lokaci ya fi jika hamsin amfani.

Ƴan damfara sun riga kowa zuwa

Duk inda masu buƙata suka taru, macuta na nan. Salon da aka fi gani shi ne saƙo daga wani mai hoton Bature ko tambarin wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, yana cewa an zaɓi mutum, ya koma WhatsApp a ƙarasa magana. Daga nan sai a nemi kuɗin buɗe dosiye, ko na gwajin likita, ko na wani kwas da wai dole ne kafin a fara aiki, a tura ta kamfanin aika kuɗi. Wasu kuma aikin Kanada ko na ƙasashen Larabawa suke tallatawa, su karɓi hoton fasfo da kuɗin biza su ɓace.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha nanata cewa ba ta karɓar ko dala a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata. Gurbin gaskiya yana fitowa a shafin hukumar kanta, ko a ReliefWeb na ofishin OCHA, kuma adireshin imel ɗin yana ɗauke da sunan hukumar, ba Gmail ba. Akantar ta Damagaram ta ce saura kaɗan ta tura jika ashirin da biyar, sai ta lura cewa shafin mai saƙon bai fi mako biyu da buɗewa ba.

Wani tarkon kuma mutum ne ke ɗana wa kansa. Wanda aka sallama yana cikin fushi, kuma allon waya na kusa. Amma mai ɗaukar aiki na gaba yana karanta abin da aka rubuta kan na baya. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi. Wanda ke ganin an ci masa haƙƙi, ofishin sufeton aiki ne wurin kai ƙara. Haka nan tsoffin ma'aikatan agaji da ke liƙa hotunan yara marasa lafiya don nuna aikin da suka yi suna jawo wa kansu ƙi, domin ƙungiyoyin da suke nema sun haramta hakan.

Ba kowa dandalin ke ɗauka ba

Gaskiyar da masu koyar da dabarun LinkedIn ba su cika faɗa ba ita ce shafi mai kyau ba ya ƙirƙiro gurbin da babu. Hukumomin da ake hange su ma suna rage mutane: a 2025 OCHA ta sanar da rage kashi 20 cikin 100 na ma'aikatanta, HCR kuma ta soke gurabe kusan 3,500. Wanda ya nace sai aikin ƙungiya, da farar mota da albashin da ya saba, yana iya daɗewa yana jira. Waɗanda suka fi saurin tashi su ne suka karkata ƙwarewarsu zuwa inda ake buƙata: kamfanonin jigila, na sadarwa, bankuna da ƙananan cibiyoyin bashi, ƴan kwangilar man fetur, ko manyan ƴan kasuwar Maraɗi da ke neman mai riƙe musu lissafi.

Sannan akwai waɗanda dandalin bai san da su ba sam. Wani direba da ya yi shekaru yana tuƙa ma'aikatan agaji tsakanin Tawa da Agadas ya ce ƙaninsa ya buɗe masa shafi, amma ba ya rubutu da Faransanci, kuma kuɗin forfe na intanet da zai zauna yana dubawa ya gwammace ya sayi shinkafa da shi. Shi ta rukunin WhatsApp na tsoffin direbobi yake jin labari, kuma ta nan ya samu tuƙin motar wani ɗan kasuwa. Masu gadi, masu shara da masu dafa abinci da aka sallama, su ma haka abin yake gare su. Ko masu ilimin ma sai sun yi dabara da ɗaukewar wuta da raunin layi, musamman ranar da aka sa musu ganawa ta bidiyo.

Shi jami'in na Maraɗi, shaidar da tsohuwar shugabarsa ta rubuta masa ce wani ya gani, wanda ya taɓa zama da ita a taro. Mutumin na aiki da wani kamfanin jigila da ke neman wanda zai tsara masa mangaza na wata uku. An yi ganawar ta waya, daga shagon mai gyaran waya, da janareta na ruri a baya. Kuɗin bai kai rabin albashinsa na da ba, kuma babu alkawarin sabuntawa. Ya karɓa. A daren da ya sa hannu ne ya je gidan mahaifinsa ya gaya masa cewa wancan aikin ya ƙare tun watanni.

Akantar ta Damagaram kuwa, cikin mutum goma sha biyun da ta rubuta wa, biyar sun amsa, biyu sun rubuta mata shaida, ɗaya ya tura CV ɗinta ga wata cibiyar bashi. An kira ta ganawa sau ɗaya, ba a ɗauke ta ba. A yanzu tana riƙe wa shaguna uku lissafi a babbar kasuwa, kuma duk ranar Litinin da safe, kafin rana ta yi zafi, tana sayen forfe na awa ɗaya ta duba ko akwai sabon saƙo.